Gargaɗi ga Magidanta a kan Haƙƙin Jariri da Mai Goyo

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya fito da jariri duniya ba shi da dabara, ya ajiye abincinsa a ƙirjin uwarsa, ya rataya ciyar da su biyun a wuyan uba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani wannan takarda gargaɗi ce a kan wani zalunci da ya yaɗu a Tudun Jukun da Tudun Wada da unguwannin da ke kewaye da su. Zalunci ne na cikin ɗaki, ba a kai shi gaban alƙali, masu hawa mumbari kuwa da yawansu sun tsallake shi. Watau magidanci da matarsa duka suna aikin albashi, Allah ya ba su haihuwa, mijin ya ci gaba da zuba albashinta a cefane da kuɗin haya, sa'an nan ya tattara wahalar jariri kaf ya ɗora mata, ya ce raino na mata ne. Ni kuwa na ce wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Fasali a kan yadda yini ke wucewa

Unguwarmu ta cika da ma'aikata. Akwai malaman makaranta, akwai masu jinya da ungozomomi da ke zuwa Shika, akwai akawuna na Kongo da Samaru. Ku dubi mace guda daga cikinsu bayan hutunta na haihuwa ya ƙare. Jariri ya tashe ta sau uku ko huɗu cikin dare. Kafin assalatu ta hura gawayi, ta dama koko, ta wanke tsummoki, ta yi wa yaro wanka, ta ba shi mama a tsaitsaye. Ƙarfe bakwai tana bakin titi tana neman keke zuwa Agoro, daga nan ta nemi bas. Da hantsi nono ya cika mata ƙirji har ya jiƙa riga, mai shansa yana can gida yana tsala kuka. Bayan la'asar ta komo, ba ta ajiye jaka ba tukunyar dare tana jiranta.

To, ina maigida? Ya taso daga aiki, ya ci, ya yi wanka, ya tafi majalisa ko teburin mai shayi sai bayan lisha. Tsakar dare yaro ya motsa, sai ya ɗauki matashi ya koma falo, wai gobe yana da aiki. Ita fa, hutu za ta goben?

Kada wani ya ce son duniya ne ya fitar da ita. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota da na masara suka tashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kowa kuma ya san inda wannan ke tsayawa a gidan haya mai jariri. Mijin da kansa ne ke ƙirga kwanakin wata yana jiran nata ya shigo.

Fasali a kan hukunci

Almajirin da ya kai Baƙara ya san aya ta 233. A cikinta Allah ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa ga wanda ya so cikawa, ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban ɗa, ya hana a cuci uwa saboda ɗanta, ya sanya yaye ya zama da shawara da yardar su biyun. Malamanmu na Malikiyya ba su saɓa ba a kan cewa ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana suna kan miji, ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da ta samu da guminta nata ne. In ta ba shi da daɗin rai, kyauta ce. In ta ba shi don tsoron fushi ko gorin kishiya, to ya ci abin da bai halatta gare shi ba.

Saboda haka magidancin da matarsa ta ɗauke masa rabin wajibinsa, bashi ne ya hau kansa. Abin mamaki, shi ne kuma ke cewa ɗaukar jariri ya fi ƙarfin girmansa. Wane girma? Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainabu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya inganta yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwar da ke sahu. Uwar Muminai A'isha ta ba da labari cewa a cikin gida yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. Wanda rawaninsa ya fi wannan girma, ya fito ya gaya mana.

Na san abin da ake fakewa da shi, watau kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa gaban mutane. Wannan al'ada ta zauna ne sa'ad da gida ke cike da kaka da gwaggo da matan wa da na ƙane, hannu goma na jiran yaro guda. Yau ango da amarya suna ciki da falo na haya, uwarta tana Giwa ko Soba, tasa tana cikin birni. An bar gidan gandu an riƙe kunyarsa. Kunyar da ke barin jariri yana shiɗewa da kuka uwarsa na kan murhu, ba ita ce kunyar da ke cikin imani ba.

In wani ya ce: ai Risala ta nuna shayarwa tana kan matar da ke ƙarƙashin igiyar aure. Sai mu ce: gaskiya ne, ba wanda ya ce ka ba da mama. Amma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu, abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Nono ba ya zuwa ga macen da ba ta ƙoshi ba, ba ta yi barci ba. Rarrashin dare, da ɗebo ruwa, da riƙe yaro ta samu ta yi salla cikin natsuwa, da kai shi rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da allurar ƙyanda a wata na 9, wane littafi ne ya haramta wa namiji waɗannan?

In wani ya ce: to ta bar aikin ta zauna. Sai mu ce: in ka iya ɗaukar gidan kai kaɗai, ita kuma ta yarda, babu mai jayayya da ku. Amma na ga masu faɗin haka su ne sukan tayar da jijiyar wuya a asibiti, su ce namiji ba zai duba matarsu ba, a nemo mace. Macen nan da kake nema matar wani ce, watakila ta baro nata jaririn a gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morarsu kamar kayan gida. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Mai son 'yarsa ta sami malama, matarsa ta sami ungozoma, ba shi da bakin zagin wadda ta fita.

Fasali a kan 'yar raino

Ga inda zaluncin ya haifi ɗan'uwansa. Da miji ya zame, sai a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara tara ko goma. A yanke ta daga allo da boko, ladanta ya tafi hannun dillaliyar da ta kawo ta, a miƙa mata jariri ɗan wata uku a ja ƙofa. Yarinyar da ita kanta raino take bukata! Yaro ya yi kuka, ta ɗura masa ruwan randa, ko koko, ko madarar gwangwani a bulumbotin da bai wanku ba. Kwana kaɗan sai zawo, maɗiga ta faɗa, a ce haƙori ne ko maita.

Likitoci, har da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun yi ittifaƙi cewa jariri ya sha nonon uwa zalla wata shida, ba ruwa ba koko, sa'an nan a haɗa masa da abinci a ci gaba da mama har shekara biyu. Ku duba yadda ƙarshen maganarsu ya komo kan adadin da ke cikin Baƙara. Amma ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna jarirai 29 kaɗai cikin 100 ke samun nono zalla a Nijeriya. Ma'aikatan jinya suna koya wa mata tatsar nono a kofi mai tsabta mai murfi, a ba yaro da cokali bayan fitar uwa. Wannan halal ne, babu ƙyama a cikinsa, sai dai yana son babban mutum mai hankali a kansa.

Kuma ina jan kunnen almajirai a kan wata mas'ala. Sau da yawa maƙwabciya ko ƙanwar uwa takan ji tausayin yaron da aka bari ta sa masa nata nonon. Shayar da ɗan wani halal ne, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da fiyayyen halitta. Amma a mazhabarmu abin da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko, ko tsotsa ɗaya ce, yana haramta aure. Wajibi ne a sanar da iyaye, a rubuta, a kafa shaidu, don kada bayan shekara ashirin a ɗaura wa wa da ƙanwa aure.

Fasali a kan masu ɗaukar aiki

Waɗanda suka karanta doka sun bayyana mini abin da ke cikinta. Dokar ƙwadago ta ƙasa, sashe na 54, ta ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don ba da mama. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da aƙalla mako 16. Jihar Kaduna ta ba nata ma'aikatan wata shida tun 2019. A 2021 gwamnatin tarayya ta yarje wa maza kwana 14, ko da yake wasu sukan cinye su a rabon goro da karɓar barka.

Amma shiga makarantun kuɗi da ke lungunanmu, har da masu allon Islamiyya a bakin ƙofa. Na san malamar da aka ce ta komo aji ran da ta yi arba'in ko a ba wata gurbinta, aka kuma hana ta shigowa da goyo. Mai makarantar nan shi ne ke jan baƙi a taron saukar ɗalibai. Ya tuna da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi. An ruwaito da farko ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Wani dare a Madina ya ji jariri na ta kuka, ya bincika, ya tarar uwar ce ke gaggauta yaye don rabon ya fito. Da gari ya waye ya sa aka yi shela, ya mai da rabon tun daga ranar haihuwa. Sarkin Musulmi ya canja dokarsa saboda kukan jariri guda, kai kuwa kana jin kukan ta tagar ofis kana duba rajista.

Fasali a kan abin da ake nema

Na farko, magidanci ya zauna da matarsa tun cikin yana wata bakwai, su yanke wanda zai riƙi yaro in hutu ya ƙare, babba mai amana, da lada sananne daga aljihun uba.

Na biyu, a rage bidi'ar suna. Sunna a mazhabarmu dabba guda ce, namiji aka haifa ko mace, da aski da sadaka. Anko da rumfuna da makaɗa da rabon robobi, kuɗinsu ya isa ladan mai raino na watanni.

Na uku, miji ya sa ido a kan jikin mai jego. Likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya sun rubuta tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. In ka ga ƙafa ta kumbura, tana haki in ta kwanta, kai ta asibiti a ranar, kada ka jira arba'in.

Na huɗu, ya raba dare da ita, ya rage majalisa. Hira ba ta ƙarewa, amma shekarar farko ta ɗanka ba ta komowa.

Na biyar, wanda ya riga ya ɗauko 'yar mutane, ya sa ta makaranta, ya ciyar da ita daga tukunyar da 'ya'yansa ke ci, kada ya bar mata jariri ita kaɗai.

Na shida, malamai su faɗi wannan a wurin ɗaurin aure da walimar suna, inda maza ke zaune. An daɗe ana karanta wa mata babin biyayya har sun hardace. Lokaci ya yi da za a buɗe wa maza babin ciyarwa da kyautata zama.

Wanda ya ga kuskure a hukuncin da na kawo, ya zo da littafi, ga zaure a buɗe. Wanda kuwa ba shi da hujja sai cewa haka muka tarar, ya sani wannan ita ce amsar da aka ba annabawa tun da can. Ranar tsayuwa za a tambayi kowane makiyayi abin da aka ba shi kiwo, jariri kuma ba shi da bakin kai ƙara yau, amma zai samu a ranar. Allah ya ba mu ikon sauke amana, ya raya zuriyarmu bisa sunna, ya saka wa iyaye mata da alheri. Amin. Haza wasalam.