Lucca: Keke ya raya ganuwa, amma cunkoso na neman ƙwace ta

A ranar 8 ga Mayun 2024 ne gasar tseren keke ta Giro d'Italia ta kammala zangonta na biyar a birnin Lucca da ke yankin Tuscany na ƙasar Italiya, inda Benjamin Thomas ɗan Faransa ya yi nasara. 'Yan kallo sun watse a ranar, amma keke bai bar garin ba, domin a Lucca shi ne abin hawan zuwa kasuwa da makaranta da wurin aiki.

Ganuwar birnin ce tushen wannan al'ada. An gina ta a ƙarni na 16 da na 17 saboda fargabar harin Florence, tsawonta kuma ya ɗan haura kilomita 4. Harin bai taɓa zuwa ba. Babban abin da ta tare shi ne ambaliyar kogin Serchio a 1812. A ƙarni na 19, sarauniya Maria Luisa ta gidan Bourbon ta sa aka mai da samanta hanyar shan iska mai inuwar itatuwa. Florence kuwa ta rushe mafi yawan tata ganuwar tun daga shekarun 1860 don shimfiɗa manyan tituna. Wato Lucca ta tsira da ganuwarta ne saboda ta samar mata aikin yi. A yau motoci ba sa bin samanta, an kuma taƙaita shigarsu tsohon gari.

Sai dai farin jini ya zo da nasa nauyi. Shagunan hayar keke sun yi yawa a kusa da ƙofofin gari, har da kekuna masu ƙafa huɗu da iyali guda ke tuƙawa tare. Baƙo daga Pisa, ko fasinjan jirgin ruwan da ya tsaya a Livorno, kan zagaye ganuwar cikin rabin awa, ya ɗauki hoto, ya koma. Tsohuwa mai sanda da uwa mai tura jariri su ne ke kauce masa. Kuɗin da ya bari bai wuce na haya da na abin taɓa baki ba.

Mafitar da ta fi kama hankali ita ce a karkatar da mahaya zuwa ƙauyuka. Akwai hanyar keke a gaɓar Serchio. Akwai kuma wadda ke bin gadar ruwa mai bakuna sama da 400 da Lorenzo Nottolini ya tsara, ga tuddan zaitun da inabi, ga gidan sarauta na Marlia inda Elisa, ƙanwar Napoleon, ta zauna. Wanda ya nufi can yakan kwana, ya ci abinci, ya sayi man zaitun a hannun manomi.

A nan ne gizo ke saƙar. Titin da ya kewaye ganuwar daga waje cike yake da motoci, filin da ke gabashin birnin kuma, wajen Capannori da Porcari, na cikin manyan cibiyoyin sarrafa takarda a Turai, manyan motocin kaya na kai da komo. Muddin hukumomi ba su haɗa ƙofofin gari da hanyoyin ƙauye ta layin keke mai aminci ba, uban da ya zo da 'ya'yansa ba zai sauko daga ganuwa ba.