Tarakta na kwance, damina na tafiya

Ranar Asabar da ta wuce na je Kura gaishe da Kawu, na same shi a zaure da wata takarda a kan cinya, ya ɗora tabarau a karan hanci yana ta jujjuya ta. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya miƙo mini. "Kai da ka yi boko, duba mini wannan. Sun ce in na sa hannu, kuɗi za su shigo cikin mako biyu." Na karanta sau biyu, kuma tun daga ranar raina bai kwanta ba. 

Masu bin wannan shafi sun san ƙungiyar su Kawu. Manoman shinkafa ne su goma sha ɗaya, suka haɗa abin da suke da shi, banki ya cika musu, suka sayi tarakta a 2022 kan naira miliyan 14. Bankin ne ya gindaya sharaɗin inshora, su kuma ba su taɓa fashin biya ba. Kawu ne ma'aji, rasit ɗin kowace shekara na nan a leda cikin akwatinsa. A ƙarshen watan Mayu, direba na dawowa daga haro da yamma, gefen hanyar da ke bakin kanal ya zabtare, tarakta ta kife. Allah ya kiyaye, yaron ya tsira da karaya a hannu. Lagireto ya fashe, ƙafar gaba ta lanƙwashe, sitiyari ya karye, taya ɗaya ta yage. Washegari suka sanar da kamfanin inshora, suka ɗauki hotuna, suka karɓo rahoton 'yan sanda. Bakanikensu ya zaga Ƙofar Ruwa ya tambayo farashin kaya, ya rubuta cewa gyaran zai ci naira miliyan 6.

Sai bayan mako uku mai ƙiyasta asara ya zo. Ya zagaya taraktar, ya ɗauki nasa hotunan, bai zauna ya sha ko ruwa ba ya koma mota. Aka ƙara wata guda, sannan takarda ta iso: kamfani zai biya naira miliyan 2 da dubu 250.

Ga yadda lissafin ya tafi, kuma ina roƙon duk mai tarakta ko injin casa ko motar haya ya bi ni a hankali. Da farko sun zabge miliyan 1, wai tayar da lagireton da suka lalace tsofaffi ne, in aka sa sababbi su Kawu sun ci riba. Saura miliyan 5. Daga nan suka ce taraktar da aka yi wa inshorar miliyan 14, a kasuwar yau ta kai miliyan 28, don haka rabinta kawai inshora ta rufe, ɗaya rabin yana wuyan masu ita. Miliyan 5 ta koma miliyan 2 da rabi. Sannan suka cire kashi 10 cikin ɗari, kason da mai kaya ke ɗauka a kowace asara. Abin da ya rage shi ne ke rubuce a takardar da ke cinyar Kawu, kuma a ƙasanta akwai layin da ke cewa duk wanda ya sa hannu ya yarda an biya shi gaba ɗaya, ba shi da sauran magana har abada.

Ba zan ce ƙarya suka ƙirƙiro ba. Waɗannan sharuɗɗa suna cikin kundin yarjejeniyar, da ƙananan haruffa, a Turancin da ni kaina sai da na koma baya sau uku kafin na gane. Na kuma san akwai masu ƙona shagonsu ko su haɗa baki da bakanike don su ci kuɗin inshora. Amma a gaya mini, wa ya kasa sanin abin da ya sami naira? Tun da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai sayar da tumatur a Kwanar Gafan ya san da haka. Kamfanin da sana'arsa ke nan, ƙiyasta darajar dukiya, ya sabunta wa mutanen nan inshora shekara bayan shekara a kan tsohon farashi, ya karɓi kuɗi, ya ba da rasit, bai taɓa ɗaga waya ya ce, "Alhaji, taraktarku ta ninka kuɗi, ku ƙara zubi ko ku san rabi za a biya ku" ba. Sai ranar da ta kife aka tuna da farashin kasuwa. Wannan shirun shi ne ya fi ci mini rai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na sha faɗa a nan, kuma zan ci gaba da faɗa har in gaji masu karatu: duk takardar da za a ce manomi ya dangwala mata hannu, a rubuta ta da harshen da yake mafarki da shi. Kamfanonin waya suna tallar garaɓasa da Hausa. Bankuna suna kiran mutane su buɗe asusu da Hausa, har da kiɗa. Wakilin da ya zo Kura ya sayar wa su Kawu inshora, da Hausa ya yi musu bayani, kuma abin da ya ce shi ne, "In wani abu ya samu motarku, mu ne za mu gyara." Ranar karɓar kuɗi kowa ya iya Hausa. Ranar biya sai a koma Turancin lauyoyi. Shafi ɗaya tak ya isa, a jera abin da za a biya, da abin da ba za a biya ba, da abin da za a cire, a karanta wa mutum a gaban shaidu. Wanda ya ƙi yin haka, ni dai ba zan kira shi mai gaskiya ba.

Akwai kuma makamin da ya fi ƙananan haruffa kaifi, wato lokaci. Ma'aikacin kamfani yana zaune a ofis a Legas ko Abuja, ko fayil ya motsa ko bai motsa ba, albashinsa zai shiga ƙarshen wata. Manomi kuwa hadari yake kallo. Duk abin da tarakta za ta samo na haya a shekara, mafi yawansa a 'yan makonnin farkon damina ne, lokacin da kowa ke rububin a yi masa haro da huɗa. Su Kawu sun rasa wannan gaba ɗaya. Gonakinsu ma sai da suka bi layin taraktar wasu, suka biya da tsada, suka yi dashe a makare, banki kuma bai daina ƙirga kwanakinsa ba. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani har kwana 90 ya biya bayan an fitar da takardar sallama, irin wadda aka kawo wa Kawu. Kwana 90 a wurin manomi kusan damina ce sukutum. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyara harkar inshora, aka yi ta yabon ta a jaridu. Ni ma'aunina guda ne: ranar da na ga an biya manomi kafin shukarsa ta wuce lokaci, zan zo nan in yi yabo da bakina.

Mutumin da ya yi wata biyu yana kallon taraktarsa a ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a inuwarta, in ka miƙa masa sulusin haƙƙinsa zai ce da babu gara ba daɗi. Kamfanonin sun san da haka. A kan wannan gajiyar ake cin riba, kuma sunan wannan zalunci, ko da kowane sharaɗi na cikin kundi. Hukuma ta iya tsanani in ta ga dama. Inshorar dole ta motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka bazu kan tituna suna tambayar takardarta. Ina irin wannan zafin nama a ɓangaren biya? Sannan a dawo ana taro a otal ana mamakin me ya sa inshora ba ta kai ko kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin Najeriya ba, ana cewa mutanen Arewa ba su waye ba, ko addini ne ya hana su. Takaful, inshorar tsarin Musulunci, ya zo ya amsa wa mutane da yawa tambayar addini. Tambayar da ta rage ita ce ta amana, kuma labarin taraktar su Kawu ya riga ya zaga Kura da Garun Malam da Bunkure, ya fi duk wani talla tafiya.

Abin da na gaya wa Kawu shi zan gaya muku. Na ce, "Kawu, don Allah kada ka sa hannu tukuna." Tayin farko ba hukuncin alƙali ba ne. Muka zauna muka rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa ƙungiya ba ta amince ba, muka nemi su ba mu lissafinsu dalla-dalla a rubuce, da rahoton mai ƙiyasinsu, da inda ya samo farashin miliyan 28, domin tarakta mai shekaru tana aiki a laka ba za a yi mata kuɗin sabuwa dal ba. In aka sauko da wannan adadi, kason da za a biya zai hau. Muka aika a karɓo farashin kaya a rubuce daga dillalai biyu, da hatiminsu. Muka duba kundin don ganin wa'adin da aka ɗiba na ƙorafi da sharaɗin zuwa gaban mai sulhu, domin irin waɗannan yarjejeniyoyi sukan rufe ƙofa in lokaci ya wuce. Muka sa aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙarmu. In amsa ba ta gamsar ba, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma can muka nufa. Ku kuma da ba abin da ya same ku tukuna, ku ciro takardunku a daren nan ku duba nawa aka rubuta a matsayin darajar kayanku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na tashi tafiya, Kawu ya raka ni har bakin darbejiyar. Ya tsaya ya share ƙurar da ta taru a kujerar direba da gefen babbar rigarsa, ya ce 'yan ƙungiya sun yanke shawarar sayar da shanu biyu su fara gyaran da kansu, don kada noman rani ma ya kuɓuce musu. Takardar sallamar kuma ya ninke ta huɗu, ya mayar cikin ledar rasit, ba sa hannu. Zan sanar da ku abin da kamfanin ya amsa.