Motocin Lantarki Na Alfarma: Kuɗin Mota Daban, Kuɗin Batir Daban

A cikin watan Disamba na shekarar 2021 ne wani mutumin ƙasar Finland ya ɗauki motarsa ƙirar Tesla Model S ta shekarar 2013, ya kai ta wani wurin fasa dutse, aka ɗaɗɗaura mata nakiya mai nauyin kilo 30, aka tarwatsa ta a gaban masu ɗaukar hoto. Ba taɓin hankali ne ya same shi ba. Ya sayi motar ce ta hannu, ta yi masa tafiyar kimanin kilomita 1,500 lafiya lau, sannan ta fara ba shi matsala. Bayan ta shafe kusan wata guda a gareji, sai aka shaida masa cewa babu makawa sai an sauya batir ɗin ɗungurungum, kuma kuɗin ba zai gaza Yuro 20,000 ba. A canjin Sefa, wanda ba ya motsi a kan Yuro, wannan ya haura Sefa miliyan 13.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari da haushin wani Bature? Ruwansa kuwa shi ne, duk motar da Turai da Amurka suka gama yayinta, ƙarshenta tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome ko Legas. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Haka Fijo 504 ta zo mana, haka Marsandi da Honda da Toyota suka biyo baya. Su kuwa motocin lantarki na alfarma, Tesla Model S ta fito ne a 2012, Jaguar I-Pace a 2018, Porsche Taycan a 2019. Ke nan sahun farko sun riga sun kai shekarun da dillalanmu suka saba sayen mota, kuma farashinsu a kasuwannin gwanjo ya yi faɗuwar da za ta iya jan hankalin duk mai neman riba.

Akwai kuma abin da ke ƙara kwaɗaitar da masu saye a nan gida. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur ya ninka, har lita ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, abin da ya girgiza hatta masu sayar da mai a kwalba a Maraɗi da Birnin Ƙonni. A cikin 2024 ɗin kuma gwamnatin Najeriya ta cire wa motocin lantarki harajin VAT. Saboda haka idan wani Alhaji ya kira dillalinsa ya ce a nemo masa motar da ba ta shan mai, ba abin mamaki ba ne.

Sai dai kuma ilimin da dillalanmu suka gada na duba mota ba ya aiki a nan. Shekara da shekaru, mai sayen 'yar Kwatano yakan tayar da inji ya saurari ƙara, ya leƙa hayaƙin salansa, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya gwada giya. In ma an yi rashin sa'a inji ya buga, ba a rasa na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, kuma bakanike zai ɗora shi cikin kwana biyu. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dukiyarta tana shimfiɗe ne a ƙarƙashinta, cikin wani akwatin ƙarfe da aka rufe ruf. Alal misali, batir ɗin Model S mai cin yunit 85 na wuta, irin yunit ɗin da ake saye a mita, ya haura kilo 500, kuma ƙananan ƙwayoyin batir 7,104 ne a cikinsa. Fenti zai iya yin ƙyalli, kujerun fata su yi ƙamshi, alhali kuwa abin da ya fi komai tsada a motar ya kusa ƙarewa. 'Yan kasuwar waya sun riga mu gane wannan, domin babu mai sayen iPhone ta hannu bai duba lafiyar batir ba.

To nawa ne kuɗin sauyawar? A Amurka, abin da masu Tesla suka riƙa biya bayan garanti ya ƙare yakan kama daga kusan Dala 13,000 zuwa 20,000, wani lokaci ma ya haura. Mu ɗauki Dala 15,000. A canjin Naira 1,500 kan Dala ɗaya, kamar yadda ta kai a 2024, Naira miliyan 22 da rabi ke nan, tun ba a yi maganar jirgi da kwastan ba.

Masu tallar waɗannan motoci sukan kafa hujja da cewa farashin batir yana ta sauka, kuma gaskiya suka faɗa. Kamfanin bincike na BloombergNEF ya ƙiyasta cewa batir mai ɗaukar yunit ɗaya, wanda ya haura Dala 1,000 a 2010, ya dawo Dala 139 a 2023, sannan Dala 115 a 2024. Amma wannan farashin sari ne, wanda manyan kamfanoni ke biya idan sun sayi dubbai, kuma batura masu araha na ƙasar Sin ne suka ja shi ƙasa. Ko da a wannan farashin, batir mai yunit 100 ya tashi Dala 11,500, kuma motocin alfarma ba su raina girman batir: na Marsandi EQS ya haura yunit 100. Bugu da ƙari, kowace ƙira da nata akwatin, na Porsche ba ya shiga Jaguar, na bana ba lallai ya shiga ta shekara goma ba. Idan kamfani ya daina ƙera mota, kamar yadda Jaguar ya daina I-Pace a 2024, batirinta ba araha yake ƙarawa ba, wahalar samu yake ƙarawa. Sannan dokokin sufuri na duniya sun sanya batirin litiyam cikin kaya masu haɗari, ba a jefa shi cikin kwantena tare da tayoyi da firji.

Domin a yi wa motocin adalci, ba kowane batir ne ke mutuwa ba, hasali ma akasarinsu suna daɗewa. Binciken kamfanin Geotab na Kanada a kan dubban motoci ya nuna ƙarfin batir yana raguwa ne da kimanin kashi 2 cikin 100 a shekara. Wani kamfanin na Amurka mai suna Recurrent ya bayyana a 2024 cewa a cikin motocin da yake bibiya, waɗanda aka ƙera daga 2016 zuwa sama ba su kai kashi 1 cikin 100 da aka sauya wa batir ba. Amma a cikin tsofaffin, adadin ya kai kashi 13. A nan gizo ke saƙar, domin mu ba sababbin ke iso mana ba. Garantin batir na yawancin kamfanonin shekara 8 ne: na Taycan shekara 8 ko kilomita 160,000, na EQS ne ya kai shekara 10 ko kilomita 250,000. Bature yana sane da ranar da garantinsa zai ƙare, kuma dab da ita yake rabuwa da motar. Arahar da dillali ke gani a allon gwanjo, a haƙiƙanin gaskiya, kuɗin batir ne mai motar ya cire ya bar wa na gaba. Ko da ma akwai sauran garanti, a yankin da aka sayar da motar yake aiki, kuma Tesla ba shi da garejinsa a Najeriya ko Nijar ko Benin.

Wani abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne hanyar da yawancin motocin Amurka ke biyowa. Sanannen abu ne cewa dillalanmu sun fi saye a gwanjon motocin da suka yi hatsari, irin su Copart, a kawo su a buge a fente. A motar fetur wannan sana'a ce mai riba. A motar lantarki kuwa, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito a 2023 cewa kamfanonin inshora suna yafe motoci masu ƙarancin tafiya saboda ɗan rauni kaɗan a akwatin batir, domin babu hanyar tabbatar da abin da ke ciki. Waɗannan su ne ke zuwa gwanjo da kyan gani. Haka nan bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Florida a 2022, an ga motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Motar da aka yafe ba ta da garanti ko na sisin kwabo.

In kuma ta iso lafiya, sai ta haɗu da ƙasarmu. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun koka a kan yadda batirinsu ya zube cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma zafin Sakkwato da Ƙonni da Damagaram a watan Afrilu, da kan haura digiri 40, bai bar na Arizona da nisa ba. Gaskiya ne cewa motocin alfarma suna da ruwan sanyaya batir, wanda Leaf ta wancan lokacin ba ta da shi, amma bututun ruwan a ƙasan mota suke, inda ramuka da duwatsun hanyoyinmu ke jira. A 2021 wani mai Tesla Model 3 a Amurka ya taka wani abu a kan titi, ɗan bakin bututu ya karye, aka yanka masa Dala 16,000 na sabon batir. Wani gareji mai zaman kansa ya gyara masa a kan Dala 700. Labarin yana da fuska biyu: gyara yana yiwuwa, amma sai an sami wanda ya san aikin. Wutar da ke cikin akwatin ta kai bolt 400, ta Taycan ma 800. Kanikawanmu da suka ƙware a kan batirin Toyota Prius sun kama hanya, amma wannan ba aikin ƙarƙashin bishiya ba ne, kuskure ɗaya rai ne.

Ko jigilar ma sai ta canja. A zamanin da hanyar Kwatano zuwa Gaya ke ci, kafin Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa a Janairun 2017, da kuma rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, direbobi ne ke jero motoci a ƙafafunsu, jarkar mai a but. Daga Kwatano zuwa bakin gadar ya haura kilomita 700, tsohuwar motar lantarki kuwa da ƙyar ta yi 400 a caji ɗaya, kuma ba a zuba wuta a jarka. Dole a ɗora ta a tirela, wani kuɗin ke nan. A gida kuma, soket na yau da kullum zai shafe fiye da awa 30 kafin ya cika batir mai yunit 100, in har wutar ta tsaya. Mutanen Nijar ba su manta da duhun da suka shiga ba lokacin da Najeriya ta yanke masu layi a Agustan 2023.

Bari mu buga lissafi irin na kasuwa, da farashin 2024. A Afrilun shekarar an mayar da yunit ɗin masu layin Band A Naira 225, ke nan cika batir mai yunit 100 ya kama Naira 22,500, a yi tafiyar kilomita 400. Motar fetur za ta sha lita 40 a wannan tafiya, Naira 40,000. Rarar Naira 17,500 ce a kowane caji, kuma ba abin rainawa ba ce. Amma kafin wannan rara ta tara Naira miliyan 22 da rabi na batir, sai motar ta yi tafiyar da ta haura kilomita 500,000. Hatta kamfanin hayar motoci na Hertz, da duk ƙarfinsa, a Janairun 2024 ya sanar da sayar da motocin lantarki 20,000, yana mai kukan tsadar gyara da faɗuwar daraja.

A ganinmu, ɗan kasuwar da ke son shiga wannan harka ba sai ya guje ta ba, domin tafiya ce da ba za ta koma baya ba: a Sin kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu caji ne, Habasha kuma ta hana shigo da ƙananan motocin fetur tun wannan shekarar. Amma ta alfarma mai shekara takwas ita ce mafi munin ƙofar shiga. Ƙananan motocin Sin sababbi, da babura da Keke Napep masu caji, waɗanda batirinsu mutum biyu za su ɗaga, sun fi kusa da aljihu da kuma hannun kanikawanmu. Wanda kuwa ya dage sai babbar, to kada ya biya kafin a jona mata na'ura a karanta lafiyar batir, a bi lambar jikinta a ga ko ta taɓa hatsari ko ambaliya, a kuma ɗaga ta a duba ƙasanta. Ya kamata dillali ya fayyace wa mai saye a rubuce cewa babu garanti, domin rigimar miliyan 20 ba irin wadda sarkin kasuwa zai sasanta a zaune ɗaya ba ce.

Abu ɗaya da zai ɗan rage asara shi ne, batirin da ya gaza jan mota bai mutu ba. Wanda ya rage kashi 60 ko 70 cikin 100 yana iya ajiye wutar sola ta gida ko shago shekaru masu yawa, kuma a Turai akwai kasuwar sassansa. Ga masu harkar sola a Kano da Maraɗi, wataƙila abin da ke ƙarƙashin motar ya fi motar amfani. Tarayyar Turai ta kuma kafa doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 kowane sabon batirin mota sai ya zo da takardar shaida ta intanet mai nuna asalinsa da lafiyarsa. Motocin da ke ɗauke da wannan shaida za su shafe shekaru a hannun masu su na farko kafin su hau jirgin Kwatano, waɗanda ke gwanjo a yau kuwa ba su da ita.