Ƙamshi Ba Tsabta Ba Ne

Ku dubi hannun mai wanki da guga na unguwarku, ku ga yadda fata ta tsattsage. Sannan ku leƙa kwata bayan ruwan Agusta, ku ga abin da ya toshe ta. Ɓarna biyu ce, tushenta ɗaya: ƙullin garin sabulun da muke saye kullum.

An koya mana cewa kumfa da ƙamshi su ne shaidar tsabta. Ba haka ba ne. Yawan kumfa ba ya ƙara fitar da datti, turaren da ake zubawa kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi ga mai laushin fata, musamman in ba a ɗauraye kaya sosai ba. Ledar kuma ko 'yan bola jari ba sa waiwayarta.

A Turai ana tallar shagunan da mutum ke zuwa da kwalbarsa a cika masa sabulu, kamar wani sabon ilimi. Mu da muka tashi muna auno man gyaɗa a kwalba, me za a koya mana?

Sai dai awo ba sayen ido-rufe ba ne. Sabulun ruwan da ake haɗawa a gida, in soda ta yi yawa, ƙuna yake yi. Abin nema shi ne marar turare, a jarka mai ɗauke da jerin sinadarai da lambar NAFDAC.

Mai shago ciniki yake bi. Ranar da muka fara zuwa da kwalba, zai ajiye jarka.