Macijin Gardi Ya Dawo Gida: A Kashe Ko A Yi Jinya?

Wannan makon ku yi mini afuwa, na ɗan jingine littafinmu gefe, domin akwai wata muhawara da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tambayar ita ce, idan mutum ya kama maciji ya ajiye a gidansa yana neman abinci da shi, wata rana macijin ya gudu, daga baya ya dawo a galabaice, me ya wajaba a kan mutumin nan? Na san da yawanku za ku ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, a ɗauko sanda kawai. To ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina.

Duk wanda ya tashi a Ƙauran Namoda ko Zurmi, ko ya saba cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ya san gardawa. Ba gardawan makarantar allo nake nufi ba, masu wasa da maciji nake nufi, waɗanda za su share fili su buɗe gora ko akwatin katako, kumurci ya fito ya fasa kai, ana kiɗa ana kirari, yara na gudu suna dawowa, daga ƙarshe a kasa layu da garin maganin sara a sayar. Abin da mai kallo bai cika sani ba shi ne, yawancin macizan nan an riga an cire masu haƙoran dafi, wasu marasa imani ma har ɗinke bakin suke yi. Kiɗan kuwa na 'yan kallo ne, don maciji ba shi da kunne a waje irin namu, motsin ƙasa yake ji a jikinsa, hannun gardi kuma yake bi da ido.

Wani hunturu da ya wuce, a wata unguwa cikin Ƙaura, kumurcin wani dattijon gardi ya sulale daga akwatinsa. Ya yi nema har ya gaji ya haƙura. Bayan kwana arba'in da wani abu sai ga shi an tsince shi a gindin rumbu cikin gidan, ya rame har ƙashin bayansa ya fito kamar tsinin wuƙa, fatar ta tattare, tsohuwar saɓa ta manne masa ɓangare-ɓangare, kaska ta kama shi a wuya, bakin kuma ya kumbura yana fitar da ruwa mai wari. Ko kai ba ya iya fasawa. Nan take unguwa ta rabu uku. Wasu suka ce aljani ne ya tafi ya gano danginsa. Wasu, musamman masu son labarin soyayya irin wanda muke rubuta masu, suka ce ƙaunar ubangidansa ce ta dawo da shi. Sauran suka ce a kashe a huta. Da maƙwabcinsa ya matsa masa lamba, amsar da dattijon ya bayar ita ce ta zauna mini a rai. Cewa ya yi, "Alhaji, ni nic cire mai haƙora. In ban cishe shi ba, wa ka cishe shi?"

Alal haƙiƙa babu aljani babu soyayya a wannan dawowa. Maciji ba kare ba ne, bai san ubangida ba. Jikinsa ba ya yin ɗumin kansa, daga rana da ƙasa yake samu, saboda haka sanyin hunturu kan kashe masa jiki. Ga shi ba dafin da zai kashe ɓera, ga ciwo a baki. Ni a ganina ma bai taɓa yin nisa ba, yana nan cikin ramukan katanga, ɗumin gidan da warin ɓerayen rumbu suka fito da shi. Wannan ne kuma ya sa nake ganin hujjar dattijon ta fi ƙarfi. Halittar da Allah Ya yi da kayan neman abincinta, kai ka ƙwace kayan don ka ci kasuwa da ita, to cikinta ya koma wuyanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na je na ga yadda ya yi jinyar, kuma wallahi na ga haƙurin da ban gani ba wurin wasu masu jinyar mutane. Bai fara da abinci ba, wanda shi ne kuskuren da jahili zai yi, don maciji kan yi watanni bai ci ba, ƙishirwa ce ta fi yi masa illa, kuma idan aka ɗura masa abinci jikinsa na sanyi sai ya amayar, ko abin ya ruɓe a cikinsa. Ya shimfiɗa tsummoki a akwati, ya ajiye shi inda hantsi ke dukansa, ya bar gefe ɗaya da inuwa don in zafi ya yi masa yawa ya matsa. Da dare ya sa kaskon garwashi can nesa kaɗan. Kullum sai ya kwantar da shi a cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai rufe kansa ba, ya sha, fatar ta jiƙa, tsohuwar saɓar ta riƙa fita da kanta ba tare da an fizga ba. Ya cire kaskar ɗaya bayan ɗaya. Bakin kuwa da ruwan gishiri yake wanke shi da auduga a kan tsinke. A nan na so a ce likitan dabbobi ya duba shi, don irin wannan ruɓewar baki kan ci har ƙashi, kuma muna da masana a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, sai dai gardi da likita ba su cika gaisawa ba. Sai da aka kwana goma sannan ya ba shi ɗanyen ƙwai, bayan mako kuma ɗan ƙaramin kwaɗo. Wajen wata biyu idanunsa suka yi fari-fari kamar an zuba nono, kwanaki kaɗan ya yi saɓa guda cur tun daga kai har wutsiya, ya fito baƙi wuluk yana sheƙi.

Masu cewa addini ya halatta kashe maciji ba su yi ƙarya ba. In ya shigo ɗakin 'ya'yana ba zan tsaya yi masa tambayoyi ba. Duk da haka a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim akwai labarin saurayin nan ango na lokacin yaƙin Khandaƙ da ya soke maciji a ɗakinsa ya mutu tare da shi, inda aka yi umarnin a yi wa macizan gida gargaɗi na kwana uku, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko Madina kaɗai ake nufi. To amma fa wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Kashewa nan take daban, tsarewa da yunwa daban. Cire haƙori kuwa kullewa ce da ba ta buƙatar ƙofa.

Inda na raba gari da dattijon shi ne kwana arba'in ɗin nan da ya yi shiru bai gaya wa kowa ba. Wannan babban laifi ne. Haƙoran dafi suna sake tsirowa, shi ma ya sani, shi ya sa suke maimaita cirewa lokaci-lokaci. Ke nan yaran unguwa sun yi ta wasan ɓuya a lunguna tare da kumurcin da ba wanda ya san halin bakinsa. Da ya sari wani fa? Garin maganin da ake kasawa a kasuwa ba ya kashe dafi, allurar asibiti ce kaɗai ke yi. Ku tambayi mutanen Kaltungo a Jihar Gombe, inda kububuwa ta sa har aka yi asibiti musamman don saran maciji. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, ta kuma ƙiyasta yana kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 duk shekara. Mu kuma nan ga halin da hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga, wa zai ɗauki mara lafiya daga ƙauyen Zurmi zuwa Gusau da tsakar dare?

A ƙasar Indiya dokar kare namun daji ta 1972 ta hana ajiye maciji don wasa. Ni ban kai ga cewa a hana gardawanmu ba, sana'a ce ta gado kuma akwai bakuna a bayanta. Abin da nake roƙo bai kai haka ba. Mai unguwa ya san duk gidan da ake ajiye maciji da adadinsu, a daina ɗinke baki, akwati ya zama mai kwaɗo da mabuɗi, in kuma ɗaya ya ɓata a sa sanƙira ya yi shela tun a ranar, kafin magariba.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga babi na goma sha ɗaya. Wassalam.