Gem ɗin da ya ƙi fitowa: a rage girman buri, a daina jiran sabuwar kwamfuta

Duk mai bibiyar matasan da ke koyon haɗa gem a Arewa ya san yadda abin ke tafiya. Da farko za a ga hoton jarumin wasan a WhatsApp ko Facebook, sai ɗan gajeren bidiyo yana gudu yana tsalle, sai alƙawarin cewa zai fito bayan Sallah. Sallah ta wuce, a ce sai bayan girbi. Daga nan kuma shiru. In ka tambaya, amsar ba ta wuce uku: laftof ta lalace, babu wuta, ko manhajar ta ƙi fitar da fayil ɗin da za a sa a waya.

Masu jira sukan ce cika baki ne kawai. Ni ban yarda da haka ba, musamman ga wanda ke wannan aiki daga garuruwa irin Karaye da Rogo, nesa da kasuwar kwamfuta da masu gyara na cikin birnin Kano. Uzurorin nan na gaskiya ne. Sai dai ina ganin mafi yawan gem ɗin da ke mutuwa a hanya girman buri ne ke kashe su, domin an tsara su kamar za a haɗa su a inda wuta ba ta ɗaukewa. Wanda ya auna aikinsa da kayan da ke hannunsa zai gama, ko da laftof ɗinsa ta tsufa.

Abin da ke cin lokacinsa

A fara da wuta. A ƙaramar hukumar Karaye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, kuma tun zangon mulkin Kwankwaso na biyu gwamnatin Kano ta ɗauko aikin samar da lantarki daga nan da kuma Tiga. Duk da haka mai kwamfuta a yankin da awannin wuta yake lissafin aikinsa. A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun shafe kwanaki a duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun samu matsala. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya fi ƙarfin wanda ke aikin da bai fara kawo masa ko sisi ba. Waya za ka iya kai ta shagon caji ka karɓa da yamma. Laftof ɗin da batirinta ke riƙe minti arba'in kuwa, da zarar an ɗauke wuta aikin ranar ya ƙare.

Sai na'urar kanta. Yawancin masu koyo da laftof ta hannu suke aiki, irin wadda ake saya a Titin Beirut. Ƙurar hunturu tana toshe fankarta, zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40 yana sa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In caja ta mutu ko allo ya fashe, sai an yi tafiya zuwa birni, a biya kuɗin mota, wataƙila a kwana. Abin da ɗan Fagge zai warware kafin la'asar, ɗan Rogo sai ya ci masa mako. Ga shi kuma Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafi tun 14 ga Oktoba, 2025, alhali da yawa daga tsofaffin laftof ɗin da ke hannun mutane ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Sai data. Manhajar Unity, wadda mafi yawan darussan YouTube ke koyarwa da ita, tana cin gigabait da dama kafin a gama girka ta tare da kayan fitar da gem zuwa Android. In layi ya katse a tsakiya, wani lokacin sai an sake daga farko. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, saboda haka kowane sabon sauke fayil yanzu shawara ce da aljihu.

A ƙarshe akwai lokacin mutumin kansa. Mai haɗa gem don sha'awa a Karaye ɗalibi ne, ko mai jiran shago, ko malamin makaranta, kuma idan damina ta faɗi gona ce kan gaba. Abin da ya rage masa shi ne awa ɗaya ko biyu da dare, in an dace akwai caji.

Jinkiri ba a kanmu aka fara shi ba

Ya kamata masu jira su san cewa ko inda komai ya wadata, gem yana makara. Eric Barone, Ba'amurken da ya haɗa Stardew Valley shi kaɗai, ya shafe kusan shekara huɗu da rabi kafin ya fitar da shi a Fabrairun 2016. An sanar da Hollow Knight: Silksong a Fabrairun 2019, bai fito ba sai Satumban 2025. A nan maƙwabta, kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya sha fama da ɗaukewar wuta a Yawunde kafin ya fitar da Aurion a 2016.

Sai dai akwai abin da ya raba waɗannan da matashinmu. Barone yana da wuta dare da rana, kuma ya mayar da aikin sana'arsa ta kullum. Kiro'o tawaga ce ta mutane da yawa. Wanda ke da awa goma a mako, in ya ɗauko irin aikin da ya ci wa mai awa sittin a mako shekara huɗu, lissafi ya nuna sai ya haura shekara ashirin bai gama ba. Wannan lissafin ne da yawa ba sa yi kafin su yi alƙawarin ranar fitowa.

Kowa so yake ya haɗa irin su GTA ko Free Fire, da babur da kasuwa da unguwannin Kano. Buri ne mai kyau, amma ɗaruruwan ma'aikata ne ke haɗa irin waɗannan, da kuɗin da ya fi kasafin wasu ƙananan hukumomi. Hausawa sun ce gaba da gabanta. Mutum ɗaya da laftof mai RAM gigabait 4 da ya sa wannan a gaba zai yi wata shida yana gina titi ɗaya, kuma ranar da faifan ajiyarsa ya mutu, titin ma ya tafi.

Abin da ke hannunsa

Shawarata ta farko ita ce a zaɓi gem ɗin da za a iya gamawa cikin wata uku. Muna da su a gida. Dara misali ce mai kyau: gurabe 30, layi biyar a jere shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cire ɗaya na abokin karawarsa. Babu buƙatar zane mai nauyi ko katin hoto mai tsada, amma kafin ka koya wa waya yadda za ta kara da mutum a dara, ka koyi rabin abin da mai haɗa gem ke buƙata. Haka langa, haka wasan kacici-kacici ko na cike karin magana. Flappy Bird, wanda ya karaɗe duniya a farkon 2014, wani matashi ɗan Biyetnam mai suna Dong Nguyen ne ya haɗa shi cikin 'yan kwanaki. Maliyo Games na Legas, wanda aka kafa a 2012, da ƙananan gem irin su Mosquito Smasher ya fara, kafin ya kai ga yin aiki da Disney a 2024.

Ta biyu, a zaɓi manhajar da ta dace da na'ura. Godot kyauta ce, ba ta kai girman fim ɗaya ba wajen saukewa, tana tashi a tsohuwar laftof, tana aiki a Linux ga wanda Windows 11 ta ƙi, kuma akwai nau'inta da ake girkawa a wayar Android. Babu kuma kamfanin da zai wayi gari ya canja maka sharaɗi. A Satumban 2023 Unity ya sanar da cewa zai riƙa cajin masu haɗa gem bisa yawan saukewa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai bayan shekara guda ya janye. Dokar ba ta kai ga taɓa ƙananan masu koyo ba, amma ta nuna wa kowa wanda ke riƙe da igiyar.

Ta uku, in an samu ɗan kuɗi, kada a tara shi ana jiran laftof ɗin masu gem. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, saboda haka farashin yana gudu fiye da asusu. Sabon batir, ƙarin RAM, ma'adanar SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, da ƙaramin sola da zai iya cajin laftof, waɗannan sun fi ƙara awannin aiki a kan kuɗi kaɗan.

Ta huɗu, a riƙa ajiye kwafin aiki a wajen na'urar. GitHub kyauta ne, kuma fayilolin ƙaramin gem ba su da nauyin da zai cinye data. Aikin wata biyar da ke zaune a faifai ɗaya kawai, wutar da ta dawo da ƙarfi sau ɗaya ta isa ta shafe shi.

Akwai kuma wata ƙaramar matsala da ta shafe mu mu kaɗai. Yawancin salon rubutun da ke zuwa da kayan haɗa gem ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai a ga akwati a madadin harafi. A gwada wannan tun ranar farko, kafin a rubuta shafuka ɗari na hira.

Za a ce ƙaramin gem ba ya kawo kuɗi

Gaskiya ne, da wuya dara ta waya ta sai wa mutum mota. Amma wanda bai fito ba ko kwabo ba zai kawo ba, kuma ba za a iya nuna shi ga kowa ba. Mai neman gurbi a shirin horaswa irin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda haɗa gem na cikin fannoninsa, ko mai neman aiki daga nesa, in ya nuna abin da ake iya saukewa a buga, ya fi mai dogon bayani kan abin da zai yi. Wasu kuma za su ce mafita ita ce a tattara a koma birni, inda akwai cibiyoyi irin su Startup Kano. Wanda ya samu hali, madalla. Mafi yawa ba za su bar karatu ko gona ko iyaye saboda abin sha'awa ba, kuma bai kamata a ce sai sun bari ba.

Zama a Karaye ko Rogo ma yana da ribarsa. Wayoyin da ke hannun abokansa su ne Tecno da Infinix da itel masu ƙaramin RAM, a inda sabis ke zuwa yana tafiya. Gem ɗin da ya yi aiki lafiya a nan, ba tare da intanet ba, mara nauyin da za a iya tura shi ta Xender, zai yi aiki a ko'ina daga Gaya har Maraɗi. Mai gwaji da babbar waya a Legas sai ya biya kuɗi kafin ya san abin da wannan ya sani a kyauta.

Rabonmu mu masu waya

Ko an gama haɗawa, akwai sauran shinge kafin Play Store. Google yana karɓar dala 25 sau ɗaya don buɗe asusu, wato kusan naira 11,500 a farashin da, sama da 37,000 in dala tana 1,500. Tun Nuwamban 2023 kuma sabon asusun mutum ɗaya ba ya iya fitar da manhaja ga jama'a sai an yi gwajin cikin gida na kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake buƙata, daga baya aka rage zuwa 12. In wasu suka fice a tsakiya adadin ya gaza, jinkiri ya ƙaru.

Mutum goma sha biyu ba su kai 'yan majalisar shayi ɗaya ba. Ke nan wani ɓangare na jinkirin da muke zargin mai haɗa gem da shi yana hannunmu. In abokinka ko ƙanwarka ta turo maka gayyatar gwaji, ka shiga, ka bar gem ɗin a wayarka mako biyun nan, ka buga shi. In ya tsaya, kada ka tsaya ga cewa ba ya yi. Ka faɗi sunan wayarka, ka faɗi inda ya tsaya da abin da ka danna, ka ɗauki hoton allo ka tura. Bayani irin wannan yana rage wa mai gyara kwana uku na lalube a duhu.

Mai haɗawa kuma ya daina sa ranar fitowa tun bai haɗa mataki na farko ba. Ya faɗi abin da ya gama a wannan makon, ko da maɓalli ɗaya ne ya gyara, ya faɗi abin da ya tsayar da shi. Mutane suna haƙuri da wanda suke ganin motsinsa. Gem na farko da zai fito daga Karaye ko Rogo ya samu karɓuwa, ina kyautata zaton ƙarami ne, mai magana da Hausa, wanda aka haɗa da tsohuwar laftof, kuma abokai goma sha biyu suka riƙe shi a wayoyinsu har kwanakin suka cika.