Kumatun Yaro Ba Su Ne Shaidar Lafiya Ba



A gidajenmu idan yaro ya yi kumatu, wuya ya cika, sai a ce hutu ya karɓe shi. Wasu har cikin albarkun Ubangiji suke lissafa shi. Ni dai ban yarda ido ya isa yanke wannan hukunci ba. Yaro yana iya yin wasa da dariya alhali jininsa ya fara ba da labarin ciwon da zai kwantar da shi yana ɗan shekara arba'in.

Ga abin da likita yake nema in ya ɗebi jinin yaro mai ƙiba. Akwai kitse iri biyu da ke yawo a jini. Wanda ake kira LDL yana manne wa bangon jijiya kamar yadda maiƙo yake toshe bututun wanke-wanke. HDL kuma shi ke kwashe shi ya kai wa hanta. A yara masu ƙiba, sau da yawa mai kwashewar yakan yi ƙasa, wani kitsen da zaƙi ke ƙarawa kuma ya hau. Ana duba sukari, domin jikin yakan daina jin maganar insulin tun kafin ciwon sukari ya bayyana. Ana kuma duba CRP, wanda hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a ɓoye, ko da yake zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi, don haka a bar wa likita fassara. Mai sikila ya faɗa tun farko, gama gwajin sukari na wata uku, wato HbA1c, yana iya ruɗarwa a jininsa.

A garin Bogalusa na Amurka an bi lafiyar yara tun farkon shekarun 1970. Da aka duba gawar matasan da haɗari ya kashe, an tarar kitse ya riga ya fara shimfiɗa a jijiyoyinsu. Shi ya sa a can ake ba da shawarar gwada kitsen jinin kowane yaro tsakanin shekara 9 da 11.

Alama ɗaya ba ta bukatar allura. Idan bayan wuyan yaro ya yi baƙi, ya yi kauri, mama, ba dauɗa ba ce. A ajiye soso, a tafi asibiti.

Wani zai ce, Fasto, ana fama da tsadar masara kana zancen ƙiba? Gaskiya ne, yunwa ta fi yawa a cikinmu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160 ne suke da ƙiba mai cutarwa, daga kashi 2 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 8. Ba a gidan masu kuɗi kaɗai suke ba. Taliyar leda da lemon kwalba sun fi ƙwai da kifi araha.

Mu kanmu a ikkilisiya muna da hannu. Muna koyar da cewa jiki haikali ne, sa'an nan a kowane taron zumunta mu jera kiret na lemo da fanke. Kwalba ɗaya takan ɗauki sukari kusan cokalin shayi tara. Kuma mu ne muke kiran yarinya da sunan tsokana har ta bar ƙungiyar waƙa. Ƙiba ba zunubi ba ce. Akwai gado a ciki, akwai abin da aka saba ci a gida, kuma ba yaron ne ke cefane ba. Kunya ba ta taɓa sauke kitsen jini ba.

Waɗannan alamu suna sauka idan abinci ya canja, jiki kuma ya motsa, ko da nauyin bai ragu sosai ba. Awa ɗaya ta motsa jiki kowace rana ake so daga shekara 5 zuwa 17. Ina roƙon shugabannin zumunta, a taronmu na gaba a kawo ruwa da gyaɗa da lemon zaƙi, a buɗe filin majami'a don ƙwallo bayan nazarin Littafi Mai Tsarki, 'yan mata ma su shiga. Iyayen da akwai hawan jini ko ciwon sukari a danginsu su fara kai yaransu gwaji, su kuma tambaya ko sai an je ba a karya ba.